Malam Maman Barka, Malamin Makarantar Da Ya Ceto Kiɗan Biram

A watannin baya mun yi rashin wani dattijo a nan unguwarmu ta Bracodi, makaɗin kalangu ne wanda ya zo Abijan daga ƙasar Gobir tun yana saurayi, ya shekara fiye da arba'in yana yi wa mahauta kiɗa a wurin suna da biki. Ranar sadakar bakwai da muka shiga gaisuwa, sai muka tarar da kalangunsa rataye a ƙusa bayan ƙofa, tsarkiyar duk ta saki. Muka tambaya ko cikin 'ya'yansa akwai wanda ya gaji sana'ar. Aka ce babban yana jan gbaka tsakanin Adjamé da Yopougon, na biyun yana sayar da wayar hannu a kasuwa, babu wanda ya taɓa rataya kalangu a kafaɗa. Muka sake tambaya ko akwai kaset ko guda da aka ɗauki kiɗan tsohon. Aka duba, ba a samu ba. Watau taken mahautan unguwar nan, da kirarin iyayensu da kakanninsu da ya haddace, duk an tafi da su maƙabartar Williamsville tare da shi.

Wannan abu ne ya sa a wannan wata muka ga ya dace mu kawo muku tarihin wani ɗan Nijar, malamin makaranta kamarmu, wanda ya ji labarin irin wannan hasara tana shirin aukuwa a ƙasarsu, ya tashi ya tare ta tun mai abin yana da rai. Shi ne marigayi Malam Maman Barka.

Asalinsa da gurminsa

An haifi Maman Barka a ƙarshen shekarun 1950 a Tesker, can arewa maso gabas da Damagaram, ƙasar rairayi da rijiyoyi masu zurfi da raƙuma. Iyayensa Tubawa ne makiyaya. Ya shiga lakwal a lokacin da 'ya'yan makiyaya kaɗan ne ke shiga, ya yi karatu har ya zama malamin firamare, ya koyar da yara shekaru da dama. Daga nan ne sunan Malam ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

A wurin Tubawa, kamar yadda yake a wurinmu Hausawa, kiɗa da waƙa a bainar jama'a sana'ar wasu gidaje ce da aka sani, ba kowane ɗa ne zai tashi ya ɗauka ba. Duk da haka malamin nan ya ɗauki gurmi, watau ɗan ƙoƙon nan da ake rufewa da fata a sa masa sanda da tsarkiya biyu, ya ƙware a kai. Yana waƙa da Hausa, da Barbarci, da harshensu na Tubawa. Kafin a jima sunansa ya cika Nijar ya ƙetara arewacin Nijeriya. Da yawa daga cikinmu mun san muryarsa ta gidan rediyon Muryar Sahel, ko ta kaset ɗin da 'yan'uwa ke zuwa da su daga gida, ana sa su a rumfunan tsire da na shayi a Adjamé da Treichville.

Da ya tsaya nan, da an lissafa shi cikin mawaƙan Nijar da suka yi tashe a zamaninsu, shi ke nan. Abin da ya yi bayan ya haura shekara arba'in shi ya bambanta shi.

Mene ne biram?

A tsibiran Tafkin Cadi akwai wata ƙabila da maƙwabta ke kira Buduma, su kuma suna kiran kansu Yedina. Masunta ne kuma makiyaya, su ne masu shanun nan na kuri masu kaurin ƙaho, kuma tun zamanin da da ciyawar tafki suke ɗaure jiragensu. Suna da wani abin kiɗa da ake kira biram. Ana sassaƙa shi da itace a yi masa siffar jirgin ruwa, a rufe bakinsa da fata, a sa masa doguwar wuya mai lanƙwasa, sa'an nan a ɗaura tsarkiya biyar. Ba kowa ke taɓa shi ba, domin a al'adarsu ta gargajiya sun ɗauka akwai iskan tafki da ke tsaronsa, sai wanda aka koya wa aka kuma ba izini. A cikin waƙoƙinsa ne ake ajiye labarin kakanni, da jarumtakar maza, da yabon tafkin da abin da ke cikinsa.

To, sai tafkin kansa ya fara janyewa. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da na 1980, wanda ya koro da yawa daga cikin iyayenmu zuwa nan bakin teku, ya rage shi har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Garin N'Gigmi da ke bakin ruwa ya wayi gari ruwan ya yi masa nisa. Masunta suka watse suna bin ruwa, samari suka tafi neman abinci wasu wurare, ga kuma rediyo da kaset sun shigo da kiɗan birni. Babu yaron da ke da lokacin zama shekara da shekaru gaban tsoho yana koyon tsarkiya biyar. Da aka shiga shekarun 2000, gwanin biram ɗaya tak aka sani ya rage, wani tsoho mai suna Bukar Tar.

Malam ya koma ɗalibi

A shekarar 2002 hukumar UNESCO, watau reshen Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da kimiyya da al'adu, ta ba Maman Barka tallafi don ya je ya koyi biram. Daga Yamai zuwa yankin tafkin tafiyar kimanin kilomita 1,500 ce. Mutumin da ake tafa wa a manyan zauruka, wanda ya saba tsayuwa gaban allo yara na sauraronsa, ya je ya durƙusa gaban tsohon masunci a matsayin almajiri. Mu da ke aikin koyarwa mun san nauyin wannan, domin babu abin da ya fi yi wa malami wuya kamar ya ce ban sani ba, koya mini.

Kiɗan biram ba a rubuce yake ba, saboda haka sai da kunne da ido da yatsa. Ga shi kuma waƙoƙin da harshen Buduma ake yinsu, wanda ba harshen uwarsa ba ne. Ya zauna ya koyi yadda ake ɗaura tsarkiya a daidaita ta, ya haddace waƙoƙin, ya koyi ladubban da ke tattare da abin. Da tsohon ya gamsu, sai ya miƙa masa biram ɗinsa. Ba a yi shekaru da yawa ba Allah ya yi wa Bukar Tar rasuwa.

Daga nan Malam ya fita da biram duniya. Ya kaɗa shi a wani bikin kiɗan hamada a ƙasar Maroko a 2005, ya kaɗa shi a bikin WOMAD a Ingila a 2008, sa'an nan a 2009 wani kamfanin Ingila mai suna World Music Network ya fitar da faifansa mai suna Introducing Mamane Barka. Abokin tafiyarsa a wannan aiki shi ne Umaru Adamu, wanda ke raka shi da kalangu da ƙwarya da duma. Ku duba wannan haɗi: Batube yana kaɗa abin kiɗan Buduma, ana raka shi da gangunan ƙasar Hausa.

A 2015 rikicin Boko Haram ya kai ga hukumomin Nijar sun umarci mazauna tsibiran tafkin su tashi, dubban mutane suka bar gidajensu. Da Malam ya ce bari sai ya yi ritaya tukuna, da ya tarar babu malamin, babu kuma hanyar zuwa garin. Ya rasu a Yamai ranar 21 ga Nuwamba, 2018. Allah ya jiƙansa da rahama.

An taɓa yin irinsa a ƙasar Hangari

Kada mai karatu ya zaci wannan damuwa ta talakawan Afirka ce kawai. Shekara ɗari kafin tafiyar Malam Barka, wani Bature a tsakiyar Turai ya yi irin wannan tafiya, kuma a yau duk inda ake koyar da ilimin kiɗan gargajiya a duniya sai an ambaci sunansa. Shi ne Bela Bartok na ƙasar Hangari.

An haife shi ranar 25 ga Maris, 1881, a wani gari da yanzu ke cikin ƙasar Romaniya. Shi ma ɗan gidan malamai ne. Mahaifinsa shugaban wata makarantar aikin gona ne, ya rasu yaron na da shekara bakwai. Mahaifiyarsa malamar makaranta ce, ita ta fara koya masa piyano, ta riƙa yawo da shi gari gari inda duk aka ba ta aikin koyarwa. Daga 1899 zuwa 1903 ya yi karatu a babbar makarantar kiɗa ta Budapest, inda kusan duk abin da ake koyarwa salon Jamusawa ne.

A wancan lokaci abin da mutanen birni ke kira kiɗan Hangari shi ne wanda ake kaɗawa a gidajen cin abinci da na shaƙatawa. A 1904, Bartok yana hutu a ƙauye, sai ya ji wata yarinya mai aikin gida tana rera wata waƙa da ta zo da ita daga yankin Turansilbaniya. Bai taɓa jin irinta ba. Nan ya gane cewa a bakin manoma akwai wani tsohon kiɗa da birni bai san da shi ba. A 1905 ya haɗu da Zoltan Kodaly, wanda shi ma abin ke damunsa, suka zama aminai, suka raba ƙasar a tsakaninsu suna bi ƙauye ƙauye. A 1906 suka buga littafinsu na farko mai waƙoƙi ashirin.

Kayan aikinsu wata na'ura ce ta Edison, kakar garmaho, mai ɗaukar murya a kan wani gwangwani na kaki wanda ba ya cin fiye da 'yan mintoci kaɗan. Da keken doki ake jigilarta a kan hanyoyin taɓo. Mutanen ƙauye kuwa ba su saki jiki da baƙon birni nan da nan ba. A wata wasiƙa da ya rubuta a 1907 ya ba da labarin yadda ya yi ta fama da wata tsohuwa, yana roƙon tsofaffin waƙoƙi, ita kuwa sai ta kawo masa na coci da na birni, domin a ganinta su ne suka dace da kunnen mai ilimi. Duk wanda ya taɓa roƙon kakarsa ta yi masa waƙar niƙa ta ce kai rabu da ni, wannan ai shirmen da ne, ya san wannan hali. In ya dawo gida sai ya yi ta maimaita sauraron kowane gwangwani, yana rubuta waƙar da rubutun kiɗa har da 'yar karkarwar murya, ya sa sunan ƙauyen da shekarar da bayanin mai waƙar. A haka ya tara waƙoƙi dubbai. Ya gano kuma cewa mafi tsufansu a kan hawa biyar na murya aka gina su, kamar yadda yawancin kiɗanmu na Hausa yake, saɓanin hawa bakwai da makarantun Turai suka saba da shi.

Bai tsaya kan ƙabilarsa ba. Ya ɗauki waƙoƙin Romaniyawa da na Sulobakiyawa da ke zaune tare da su. A 1913 ya ƙetaro nahiyarmu, ya ɗauki kiɗan Larabawan ƙauye a yankin Biskra ta Aljeriya, a 1936 kuma ya je Turkiyya. Bayan yarjejeniyar Trianon ta 1920, wadda ta raba Hangari da kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta, ƙauyuka da yawa da ya yi aiki a cikinsu suka koma bayan iyaka, masu zafin kishin ƙasa kuma suka zarge shi a jaridu da rashin kishi saboda ya kula da waƙoƙin maƙwabta. Mu da muka ga abin da tambayar wane ne ɗan ƙasa na asali ta jawo a nan Kwaddibuwa a 2002, da kuma 2010 zuwa 2011, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Da mulkin Hitila ya mamaye Turai, Bartok ya ƙi zama ƙarƙashin inuwarsa, ya yi hijira zuwa Amurka a watan Oktoba na 1940. A can ya yi aiki a Jami'ar Kolumbiya yana rubuta waƙoƙin gargajiya na Yugoslabiya da wasu suka ɗauko. Ya yi zaman baƙunci cikin ƙarancin kuɗi da rashin lafiya, amma a 1943 ya tsara ɗaya daga cikin manyan ayyukansa, Concerto for Orchestra, wanda aka fara kaɗawa a Boston ranar 1 ga Disamba, 1944. Sankarar jini ta yi ajalinsa a New York ranar 26 ga Satumba, 1945. Sai a 1988 aka mai da gawarsa Budapest.

Da tsohuwar zuma ake magani

Mutanen nan biyu ba don su jibge abin da suka samo a ɗaki suka wahala ba. Bartok ya bayyana hanyoyi uku da mai tsara kiɗa zai amfana da waƙar ƙauye. Ta farko, ya ɗauki waƙar yadda take ya yi mata rakiya da wasu kayan kiɗa. Ta biyu, ya ƙaga sabuwa a kan zubin tsohuwar. Ta uku, wadda ya fi ɗaukaka, ita ce ya sha kiɗan ƙauyen har ya zame masa kamar harshen da ya tsotsa a nono, ta yadda ko me ya tsara za a ji ƙanshin gida a ciki ko da bai ari komai kai tsaye ba. Har littattafan koyon piyano ya rubuta wa yara a kan wannan tushe, cikinsu akwai Mikrokosmos mai darussa 153.

Malam Barka bai yi karatun Budapest ba, amma duk wanda ya saurari faifansa zai ji tsofaffin waƙoƙin Buduma an yi musu rakiya da ganguna, zai kuma ji nasa na kansa da ya ɗora a kan biram. A nan ƙasar ma muna da misali. Marigayi Ernesto Djédjé ya koma ga kiɗan ƙabilarsu ta Bete ya fito da salon ziglibithy, faifansa Ziboté na 1977 ya girgiza Afirka ta Yamma, kuma ko da ya rasu a 1983 har yau mawaƙan Abijan na ɗiba daga rijiyar da ya haƙa.

Sai dai akwai bambanci ɗaya tsakanin Malam da Baturen wanda ya kamata mu lura da shi. Malam ya ceto biram da hannunsa da ƙirjinsa, ya karɓa daga bakin mai shi, wanda ita ce hanyar iyayenmu, kuma babu na'urar da za ta koya wa yatsa abin da malami ke koya masa. Amma wannan ta sa shi ma ya zama mutum ɗaya da ke riƙe da amanar, ga shi kuwa rai ba a hannun mutum yake ba. Bartok shi kuma ya ɗauka ya rubuta ya ajiye, shi ya sa har gobe ɗalibi zai je Budapest ya ji muryar matar ƙauyen da ta rasu shekara ɗari da suka wuce. Wanda ya haɗa hanyoyin biyu shi ya gama tsare abinsa.

Mu fa a nan Abijan?

Manyan mawaƙanmu sun yi sa'a. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da Ɗanmaraya Jos da Barmani Coge gidajen rediyo sun ɗauke su, malaman jami'a irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano sun yi rubutu a kan makaɗa da mawaƙan Hausa, tun 1971 ma wasu Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Waɗanda ba su da mai ɗaukarsu su ne ƙananan da ke cikin gidajenmu: waƙoƙin daka da na niƙa, waɗanda injin niƙa ya riga ya kashe sana'arsu, da na lallashin jariri, da na gaɗa, da na tashe cikin azumi, da na rakiyar amarya, da taken mahauta da wanzamai da maƙera da 'yan kokawa. Daɗin daɗawa, namu na nan sun sha ruwan Abijan, sun ɗauki kalmomin Julanci da Faransanci da sunayen unguwanni, irin da ba za a same shi a Kano ko Maraɗi ba. In mu ba mu adana shi ba, babu wani malamin jami'a da zai zo daga gida ya yi mana.

Mun san akwai masu cewa kiɗa aikin maroƙa ne, ɗan mutunci ba ya kusantarsa, wasu kuma suna da uzuri na addini. Muna girmama ra'ayinsu. Amma yawancin abin da muka lissafa a sama babu ko ganga a cikinsa, muryar uwa ce da ta kaka, kuma a ciki ne sunayen garuruwan da muka fito da na kakanninmu suke. Yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda Faransanci da nushi suka fi Hausa sauƙi a bakinsu, wataƙila ta waƙar kaka ce kaɗai za su riƙe wasu kalmomin.

Abin da muke roƙo ba shi da tsada. Na'urar da Bartok ya yi ta jigila da keken doki, yau wadda ta fi ta tana aljihun kowane saurayi. A je wurin tsoho ko tsohuwa da ladabi, da ɗan goro, a nemi izini, kada a ɗauki kowa a ɓoye. In ta ce ta manta, a yi haƙuri a koma wata rana, galibi sai hira ta yi daɗi waƙar ke fitowa. Bayan an ɗauka a rubuta a littafi sunan mai waƙar, da garinsu na asali, da wurin wanda ta koya, da lokacin da ake yin waƙar, da ranar da aka ɗauka, a kuma tambayi ma'anar kalmomin da ba a gane ba. Kada a bar abin a waya ɗaya, domin waya tana faɗuwa tana kuma ɓata. A kwafa a ba wani ɗan'uwa, a kai ɗaya wurin shugabannin ƙungiyar 'yan garinku. Sarakunan Hausawa na unguwanni da ƙungiyoyin mata za su iya sa wannan cikin abin da suke tattaunawa a taronsu. Mu malaman makaranta kuma za mu iya ba ɗalibanmu Hausawa wannan aiki a lokacin dogon hutu, kowane yaro ya kawo waƙa uku daga gidansu. In kuma an sami yaro mai sha'awar koyon kalangu ko gurmi ko goge, kada a kushe shi, a kai shi wurin masu abin tun suna nan.

Kalangun dattijon namu dai yana nan rataye, 'ya'yansa sun ce ba za su sayar ba. Mun ji cewa akwai sauran tsofaffin makaɗa biyu ko uku a Treichville da Abobo waɗanda suka yi zamani da shi, kuma mai yiwuwa sun san wasu daga cikin takensa. Mun yi niyyar zuwa wurinsu kafin fitowa ta gaba, in Allah ya yarda. Duk mai son rakiya, ko wanda ke da tsohon kaset na wani biki da aka yi a unguwa, sai ya bar saƙo a ofishin wannan jarida.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana. Wassalam.